Babur Na Hannu: A Gyara Kafin A Hau

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 1023 ba mu ce ba, 2023 muke nufi, shekarar da kowane mai albashi ba zai manta da ita ba, kuɗin mota ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sabon babur kuwa ya zama sai wane da wane. Saboda haka malamin makaranta da aka tura Amaryawa ko Zugai, da akawun da ke sintiri tsakanin Roni da Kazaure, duk sun koma neman na hannu. Ba mu ga laifinsu ba. Na hannu ba abin kunya ba ne, kuma sau da yawa tsohon Boxer ko Jincheng da ya sami riƙo ya fi sabon da aka wulakanta. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: mutum ya tattara dukan abin da ya mallaka, har da adashin da ya kwasa, ya miƙa wa dillali, ya hau babur nan take ya nufi gida, ba ko sisin kwabo da ya rage na gyara. In ma ya rage, sai ya tafi ga sabuwar rigar kujera, da geza, da odar da ke kuka iri uku.

Mu dai a ganinmu, kuɗin babur na hannu kashi biyu ne: na mai sayarwa da na bakanike. Wanda ya biya na fari bai tanadi na biyu ba, bai gama ciniki ba tukuna.

Dattawan da suka yi aikin En'e kafin a rushe ta a 1976 za su tuna lokacin da aka biya kuɗin Udoji a 1975, yadda Vespa da Honda suka cika ƙofar ofisoshi cikin 'yan makonni. Waɗancan sababbi ne daga kanti, ko wanne da ɗan littafinsa mai faɗin ranar juye mai. Na yau kuwa ya bi hannu uku ko huɗu, littafin ya ɓata tun a hannun farko, wani ma ya yi shekaru yana acaɓa a birnin Kano kafin a hana ta a 2013, sa'an nan ya gangaro ƙauye yana dakon buhuna. Fenti ba ya faɗin wannan tarihi. Dillali ma ba zai faɗa ba, gama shi la'adarsa yake nema.

Gyara na fari ba na ƙarfe ba ne, na takarda ne. Ƙasar Roni ta yi iyaka da jihar Katsina, ga Kano kusa, ga Nijar ba nisa. Babur ɗin da aka sace da asuba a wata jiha yana iya kwana a wata. Kowane babur yana da lamba biyu da aka buga a jikinsa, ɗaya a kan inji, ɗaya a wuyan shasi. Lalle ne mai saye ya durƙusa da kansa, ya goge dattin wurin, ya karanta su harafi harafi, ya gwada da abin da ke cikin rasit na asali da takardun rajista. In ya ga alamar an goge wurin da zarto, ko an sake bugawa, ko kuwa aka ce masa takardu suna wurin wani ƙane a Legas za a aiko, to, ya tashi ya kaɗe rigarsa, ko da an rage masa rabin kuɗi. Araha ba ta ado. Dokar ƙasa tana hukunta wanda ya karɓi kayan sata yana sane, ko yana da dalilin zaton na sata ne, kuma ko an wanke shi daga baya, babur ya tafi, kuɗi sun tafi, ga kwana a hannun 'yan sanda. Ma'aikacin hukuma kuwa abin nasa ya fi na kowa muni, domin sunansa ne jarinsa. Yaya malami zai koma gaban yara bayan an gan shi a bayan kanta?

In lambobi sun dace, a rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa, da kuɗi, da lambobin nan biyu, da shaidu biyu waɗanda aka san gidajensu, in da hali har da mai unguwa. Akawu ba ya bukatar a koya masa wannan, sana'arsa ke nan, amma abin mamaki shi ne wanda ya yini yana rubuta wa hukuma rasit ya kan manta ya rubuta wa kansa. A kuma sa a cikin takardar irin aibin da mai sayarwa ya bayyana. Waɗanda suka karanta Risala sun san shari'a ta hana ɓoye aibin kaya, ta kuma ba mai saye zaɓi ya riƙe ko ya mayar in ya tarad da aibin da aka ɓoye masa. Amma alƙali da shaida yake aiki. Daga nan sai ofishin lasin, a mai da rajista da sunan sabon mai shi, a yanki lasin tuƙi na ajin babur, da inshorar da doka ta wajabta, watau wadda ke biyan wanda ka buge. Kowa ya lura, wannan inshora ba ta gyara maka naka babur. Ta kan tsare ka ne daga sayar da gonar gado ranar da ka karya ƙafar ɗan wani.

To, sai ƙarfe. A nan mun fi son mu daɗe kan birki da taya, gama su ne ke tsakanin mahayi da kabari. Inji in ya lalace ya kan tsai da kai a hanya ka tura. Birki in ya lalace ba ya tsai da kai ko kaɗan. A sa bakanike ya cire ƙafa biyu duka, gaba da baya, a ga takalmin birki da ido. In ya cinye har ƙarfe ya kusa bayyana, a sake. Wayar birki in ta fara tsintsinkewa a sake ta, kada a ɗaure. Mun sha ganin babura a kasuwannin ƙasar nan waɗanda aka kwance musu birkin gaba da gangan, wai don kada ya ka da mutum. Wannan kuskure ne babba. Sa'ad da aka taka birki nauyin babur da na mahayi gaba yake komawa, saboda haka a kan kwalta birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Gaskiya ne a cikin rairayi ko tsakuwa in aka damƙe shi da ƙarfi ƙafar gaba ta kan zame. Maganin wannan koyon matsa shi a hankali ne tare da na baya. Wanda ke gangarowa daga duwatsun Roni da goyo a baya, garken shanu ya ɓullo masa a kwana, shi zai san amfanin birki biyu.

Taya kuwa tana da shekaru, ko da zanenta bai cinye ba. A gefen yawancin tayoyi akwai lamba huɗu a jere: biyu na fari mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta ke nan a mako na 23 na 2019. Roba tana bushewa, ranar watan Afrilu a ƙasar nan kuwa ba ta raga mata. In an ga tsaga-tsaga a gefe kamar faso, ko kumburi, ko tif mai faci bisa faci, a jefar. Taya ta gaba in ta fashe ana cikin gudu, ba gwanin da ke iya riƙe kan babur. A duba wayoyin ƙafa kuma, a ƙwanƙwasa su, wadda ta yi sako-sako a ɗaure. A ɗaga gaban babur a jijjiga ƙafar, a juya kan hagu da dama. In yana ƙas-ƙas ko yana cijewa, boris ya mutu.

Sauran ba su da wuya. A juye baƙin mai ran da aka saya, kome rantsuwar mai sayarwa cewa jiya ya sake, a kuma sayi na cikin galan rufaffe, a bar na kwalba na bakin hanya. A wanke matatar iska, domin ƙurar hunturu in ta shiga inji ita ke cin ringi da fistan, har babur ya fara hayaƙi yana shan mai. A sake fulogi. Sarƙa a wanke ta a sa mata mai, a bar mata sassauci kamar faɗin yatsa biyu. In haƙoran da take hawa sun yi tsini, a sake su tare da sarƙar gaba ɗaya, gama sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Fitilar gaba, da jar fitilar baya, da sigina, duk su kama. Madubai biyu da samari ke cirewa wai don kada a ce musu 'yan koyo, a mai da su. Hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure ba ta san gwani ba, manyan motoci daga baya suke zuwa.

Saura hular kwano. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta ran 1 ga Janairu, 2009, mutane suka mai da abin wasa, wasu har da ƙwarya a ka. Mun san uzurin da ake kawowa: zafi, da ɓata zannar hula, da ƙyamar sa abin da wani ya sa. Na ƙarshen nan ba ya kan wanda ya sayi tasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa raunin kai shi ne babban abin da ke kashe mahaya babur, kuma mai raunin kai daga ƙauyen Roni sai an kai shi Kazaure, wataƙila daga can a ce sai Kano. Hular zanna a sa ta a jaka, in an isa makaranta a kafa ta.

Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomi na Roni, da Gwiwa, da Kazaure, da Babura, da sakatarorin ilmi, da ƙungiyoyin ma'aikata masu ba da rance, in za su taimaki ma'aikaci da kuɗin babur, su ware wani kashi da ba za a ba shi ba sai ya kawo takardun rajista da sunansa, da shaidar bakanike cewa an duba birki da taya. Asarar ba ta mamaci da iyalinsa kaɗai ba ce. Makarantar ƙauye da ke da malamin lissafi ɗaya, in ya kwanta wata uku a gidan mai ɗori, aji shida ne suka kwanta tare da shi.

Wanda ya gama duk wannan kuma kada ya fara da ranar kasuwa, ko da ɗauko uwargida da yara. Ya tafi filin ƙwallon makaranta da sassafe shi kaɗai, ya yi ta tashi da tsayawa har hannunsa ya san inda kuloci ke kamawa da inda birki ke cizo. Bayan mako guda ya koma wurin bakanike a sake bin kusoshi da sifana, a duba sarƙa, domin abin da aka ɗaure sabo ya kan saki in ya sha gargada.