An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wi-Fi Ba Shi Ne Ciwon Baba Ba

Akwai wani dattijo a nan Dutsin-Ma da na saba miƙa wa maganin hawan jini duk ƙarshen wata. Kwatsam sai na daina ganin sa har wata uku. Ranar da ya dawo, a kan keken marasa lafiya aka turo shi, baki ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Na ja babban ɗansa gefe na ce, "Malam, me ya hana Baba zuwa karɓar magani?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, ai ce mana aka yi an gano tushen ciwon kan. Ɗaliban da ke haya a gidanmu sun kawo wani ɗan akwati mai walƙiya na Wi-Fi. Muka ji a wani saƙon murya cewa ko lasisin gwamnati ba shi da shi, kuma yana dafa ƙwaƙwalwa. Sai muka sa suka cire, Baba kuma ya ajiye ƙwaya."

Wanda ya naɗi wannan saƙo bai san Baba ba, ba kuma zai biya kuɗin gashin ƙashinsa ba. Da shi da ire-irensa nake a yau, da kuma masu tallar ɗan lakabin da ake mannawa a bayan waya wai yana tsotse tururin sadarwa.

Mu fara da maganar lasisi, domin da ita suke tsorata jama'a. Igiyoyin rediyo kamar fili suke, gwamnati ta yanka shi zango-zango. Wani zangon sayar da shi ake yi ga kamfani guda, kamar gona mai shinge. A watan Disamba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 domin fasahar 5G, inda MTN da Mafab suka ci a kan dala miliyan 273.6 kowanensu. Wani zangon kuma burtali ne, kowa na iya bi ba tare da ya yanki takarda ba, muddin bai wuce iyakar ƙarfin da aka gindaya ba. A wannan burtalin Wi-Fi yake kiwo, a zangon gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Amurka ce ta fara buɗe irin wannan zango ga kowa a 1985, aka fitar da ƙa'idar farko ta Wi-Fi a 1997, duniya ta bi sahu. Saboda haka rashin lasisi a nan yana nufin mai amfani ba ya buƙatar izini na kansa. Ita na'urar kuwa, doka ta wajabta sai NCC ta amince da samfurinta kafin a sayar a Nijeriya.

A zangon gigahaz 2.4 akwai tashoshi 13 da ke maƙwabtaka da juna, amma uku ne kawai, wato ta 1 da ta 6 da ta 11, aka saba amfani da su ba tare da sun hau kan juna ba. Shi ya sa a gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, inda kusan kowane ɗaki da ɗan akwatinsa, intanet kan yi tafiyar hawainiya da dare. Iyakar ɓarnar cunkoson ke nan: saƙo ya makara, bidiyo ya tsaya. Kuma idan kun ga an rubuta "5G" a ƙarshen sunan wani Wi-Fi, sau da yawa gigahaz 5 ake nufi, wanda ya girme wa fasahar 5G ta wayar salula da shekaru.

To, yaya batun dafa ƙwaƙwalwa? Gaskiya ce tandun lantarki na maikirowef yana aiki a gigahaz 2.45, maƙwabcin Wi-Fi. Sai dai shi yana zuba wat ɗari takwas zuwa dubu a cikin akwatin ƙarfe rufaffe, shi kuwa ɗan akwatin gida abin da yake fitarwa bai kai wat ɗaya ba, yawanci kusan kashi ɗaya cikin goma na wat ne, kuma a warwatse. Duk lokacin da ka ninka tazararka da shi, ƙarfin da ke iso ka yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Fitilar kwano da gobarar daji duk wuta ce, amma ba mai hankalin da zai daidaita su. Haka nan waɗannan igiyoyi ba irin hasken hoton ƙashi ba ne, wanda ke iya lalata ƙwayar halitta idan ya yi yawa. Ba su da wannan ƙarfin.

Zan yi wa masu saƙon murya adalcin da ba su yi wa Baba ba. A 2011 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sanya igiyoyin rediyo a rukunin 2B, na abubuwan da ake zaton mai yiwuwa su jawo sankara amma hujjar ba ta da ƙarfi. Wannan zato ya ta'allaƙa ne a kan wayar da ake kangawa a kunne tsawon lokaci. An ci gaba da bincike, kuma a 2024 wani babban nazari da hukumar ta sa aka yi ya tattara binciken shekaru masu yawa, bai sami alaƙa tsakanin wayar salula da sankarar ƙwaƙwalwa ba. Idan wayar da ke manne da kunne ta kuɓuta, ina ga akwatin da ke kan taga?

Mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ma ai mun ga gwajin da idonmu. A watan Satumba na 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da namu biyu. Turaku suka yi shiru, akwatunan da ke aiki da layin waya suka koma kayan ado. Masu ciwon kai ba su daina zuwa tagata ba, masu hawan jini ba su warke ba. Abin da na gani shi ne iyalai suna rasa hanyar kiran mota ga mai naƙuda.

Abin takaici, mutumin da ke tsoron iskar da ba ta da lasisi shi ne zai tsaya ranar kasuwa gaban mai baro, ya sayi ƙwayar da rana ta gama gasawa, wadda ba ta da lambar NAFDAC, daga hannun wanda bai taɓa shiga ajin haɗa magani ba. A nan ne rashin lasisi yake kisa. Shi ne kuma zai kunna janareta a zaure ya rufe ƙofa, alhali hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke sa ciwon kai da jiri, ta kuma kashe gida guda a cikin barci.

Hattara ɗaya ce nake bayarwa: wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya sa waya a aljihun gaba, ya bar tazarar santimita 15 tsakaninta da na'urar. Yaro kuma da ke kwana yana latsa waya, rashin barcin ne ke cutar da shi. A karɓe wayar da dare.

Iyayena da 'yan'uwana, idan dattijo ya yi ƙorafin ciwon kai, a kai shi a auna jininsa. Idan awo ya yi ta kai 140 bisa 90 ko ya haura, wannan maganar likita ce. Hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba, kuma maganinsa ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Kafin ka tura saƙon murya gaba, kawo shi asibiti ka kunna mana mu ji tare; ba ma karɓar ko kwabo a kan wannan. Baba yana nan yana koyon riƙe cokali da hannun hagu. Allah ya ba shi lafiya, ya tsare sauran iyayenmu.