Sharhi: Yadda Fahimtar Juna Tsakanin Ma'aikatan Jirgin Sama Ke Ceton Rayuka

A duk shekara, maniyyatan Jihar Gombe kan hallara a filin jirgin sama na Lawanti da ke ƙaramar hukumar Akko domin tashi zuwa ƙasa mai tsarki. Abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne lafiyar jirgi da ingancin titinsa. Sai dai rahotannin binciken haɗurra sun sha nuna cewa akwai wani ginshiƙi da ido ba ya gani, wato yadda matuƙa da injiniyoyi da masu kula da fasinjoji da jami'an hasumiya ke magana da juna, suna kuma sauraron juna.

Arewacin Najeriya ya ɗanɗana ɗacin rashin wannan ginshiƙi. A ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 da kamfanin Nigeria Airways ya yi haya ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato, inda dukkan mutane 261 da ke cikinsa suka rasu. Bincike ya gano cewa masu gyara sun san iskar taya ta yi ƙasa, amma gaggawar cika lokaci ta sa aka sallami jirgin, kuma ba a sami shaidar cewa an sanar da matuƙin ba. Tayoyin suka fashe, wuta ta kama. Ke nan bayanin da zai ceci rayuka yana hannu, bai dai isa kunnen mai yanke hukunci ba.

Haka kuma a ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ya faɗi a Abuja, mutane 96 suka riga mu gidan gaskiya, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Baya ga shawarar tashi cikin mummunan yanayi, rahoton bincike ya yi nuni da cewa rabon aiki tsakanin matuƙan biyu bai bi ƙa'ida ba a lokacin da iska ta juya musu.

Duniya ta fara ɗaukar darasin ne tun bayan karon jirage biyu a tsibirin Tenerife a shekarar 1977, wanda ya ci rayuka 583, sakamakon rashin fahimtar umarnin hasumiya da kuma nauyin bakin na ƙasa a gaban babban kyaftin. A 1979 hukumar NASA ta Amurka ta shirya taron da ya haifar da horon aiki tare a cikin jirgi, wanda aka fi sani da CRM, kuma kamfanin United ya fara aiwatar da shi a 1981.

Horon ya ginu ne a kan abubuwa masu sauƙin faɗa amma masu wuyar ɗorewa. Kafin tashi, kyaftin zai zauna da tawagarsa a fayyace aikin kowa. Duk umarnin da hasumiya ta bayar, sai matuƙi ya maimaita shi domin a tabbatar ya ji daidai. Matuƙi ɗaya na tuƙi, ɗaya na sa ido yana karanta jerin abubuwan dubawa. An kuma hana hirar da ba ta shafi aiki ba matuƙar jirgi na ƙasa da ƙafa 10,000. Mafi muhimmanci, an ɗora wa na ƙasa alhakin yin magana ƙarara idan ya hango kuskure, an kuma wajabta wa na sama saurare.

A nan ne batun ya taɓa al'adarmu. Kunya da girmama na gaba ɗabi'u ne abin yabo, amma a ɗakin tuƙi shirun mataimaki na iya zama ajalin ɗaruruwan mutane. Hausawa dai sun riga sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙalubalen ya fi tsanani a jiragen soja, inda bambancin muƙami ke ƙara wa ƙaramin jami'i nauyin baki, alhali Rundunar Sojin Sama na gudanar da ayyuka masu haɗari a Arewa maso Gabas.

Yanayin Gombe ma na buƙatar wannan haɗin kai. Hazon hunturu kan rage nisan gani, guguwar damina kuma kan taso ba shiri. Shawarar jinkirta tashi ko fasa sauka a karkata zuwa wani fili ba ta da daɗi ga fasinja ko kamfani, don haka sai tawagar da ta amince da juna ce ke iya yanke ta a kan lokaci.

Saboda haka, nauyi na kan hukumar NCAA da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya su tabbatar horon bai tsaya a takardar shaida ba, ya kuma haɗa da injiniyoyi da ma'aikatan ƙasa. Ita ma hukumar alhazai ta NAHCON ya dace ta sanya shi cikin ma'aunin zaɓen kamfanonin jigila. Su kuwa fasinjoji, gudunmawarsu ita ce haƙuri idan an jinkirta tashi, domin matsin lambar cika lokaci na daga cikin abubuwan da suka jawo masifar Jidda.