WASIƘAR AKAWU: Wanda Zai Haɗa Kwamfuta Da Kuɗi Kaɗan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni kowane mako, domin in amsa wata takarda da ta zo mini daga wani malamin makaranta na ƙasar Goronyo. Na ga ya fi kyau in amsa a fili, gama abin da ya dame shi ya dami malamai da akawuna da yawa, daga Wurno har Rabah.

Ga abin da ya ce. Su shida suka yi karo-karo, waɗansu daga albashi, waɗansu daga kuɗin albasar da suka sayar, suna so su ajiye kwamfuta guda ta tebur a zauren ɗayansu, don yaran da za su shiga jarrabawar JAMB su saba da ita. Kowa ya sani tun 2015 hukumar nan ta bar takarda da fensir, dole kowane yaro ya zauna gaban kwamfuta. Sai ka ga yaro ya yi shekara shida a sakandare, ya san amsa sarai, amma ranar jarrabawa ce ranar da ya fara aza hannu kan linzami, kafin ya gane inda a ke matsawa lokaci ya yi nisa. Malamin ya ce kuɗinsu ba su kai na sabuwa ba, an kuwa gaya musu in an sayi kayan ɗai-ɗai aka haɗa a gida ya fi sauƙi. Tambayarsa ita ce, wace furosesa ce ta fi ƙarfi da za su saya?

Malam, ka gafarce ni, tambayarka ta fara daga tsakiya. Wannan tambayar mutanen Ingila ce da Amurka, waɗanda wutarsu ba ta ɗaukewa, ɗakunansu kuma da sanyi. Mu nan abin da ke kashe kwamfuta uku ne, wuta da zafi da ƙura, babbansu kuwa wuta. Saboda haka da ita za mu fara.

A cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka, a kusurwar baya, masu gyara suna ce masa fawa-fak. Aikinsa ya karɓi wutar bango mai bolt 230, ya mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3, ya raba wa sauran kayan. Ba wanda ke yabonsa, ba kuwa wanda ke tambayar sunansa, don haka nan mai ƙaramin ƙarfi ya kan ce bari ya rage kuɗi. Babu kuskuren da ya fi wannan. In kibod ya mutu, shi kaɗai ya mutu. In fawa-fak marar kyau ya mutu, sau da yawa ya kan tafi da babban allo da faifan ajiya, watau da rabin dukiyarku. Araha ba ta ado. Ku nemi wanda aka buga wa hatimin 80 PLUS, ma'anarsa an gwada shi an ga a cikin wuta kashi ɗari da ya sha, aƙalla tamanin suna isa ga kayan, sauran ne ke zama zafi. Kada lambar wat ta ruɗe ku. Mai wat 400 na kirki ya ishe ku har da saura, ya kuwa fi wani marar suna da aka rubuta wa 700 a jiki. Ku ɗauka a hannu ku ji, in ya yi shafal kamar gwangwanin da ba kome ciki, ku ajiye.

Bari in tona wa kaina asiri, ko wani ya tsira. Shekarun baya wani ɗan'uwana ya aiko mini da kwamfuta ta hannu daga Ikko, cikin kwalinta, ba a ko buɗe ba tun da ta sauka daga jirgi. Don doki ban duba kome ba, na jona. Sai na ji fas, hayaƙi ya tashi, yara suka watse daga zaure. Ashe a bayan tsofaffin fawa-fak akwai wani ɗan jan makunni mai lamba biyu, 115 da 230. Wutar Amurka rabin tamu ce, wadda aka aiko mini kuwa daga can ta fito, makunninta yana kan 115. Da na tura shi da farce ɗaya, da ban yi hasarar albashin wata ba. Na zamani da yawa ba su da makunnin nan, su kan daidaita kansu, amma duk kayan gwanjon da ya zo hannunku, ku juya bayansa ku duba kafin ya ga wuta.

Fawa-fak mai kyau ma ba ya tsayawa shi kaɗai. In da wutar gari ko ƙaramin janareta za ku yi aiki, ku sa sitabilaiza ko UPS tsakaninta da bango. Ƙaramin UPS ba don a ci gaba da aiki a ke sayensa ba, mintoci kaɗan ya ke riƙewa, daidai yadda za a ajiye abin da a ke rubutawa a kashe cikin natsuwa. In kuwa da sola ne, kamar yadda gidaje da yawa suka koma tun da man fetur ya yi tsada a 2023, to, ga lissafi irin namu na akawuna. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda. In mai ruwa ne, ba a so a sha fiye da rabinsa, saura 600. Inbata kuma ta ci nata ladan, saura wajen 500. Kwamfutar aikin ofis da monitanta ba su cika wuce wat 100 ba, watau awa biyar ke nan, daga magariba har yara su yi barci. Amma in kuka liƙa mata babban katin hoto irin na samari masu wasanni, ta koma shan wat 300, ko awa biyu ba za ku samu ba. Don haka na ce katin hoto ba naku ba ne. Ga tsada wurin saye, ga tsada kowane dare, alhali jarrabawar da yaran za su yi ba ta wuce zaɓen A ko B ko C ko D a kan farin shafi ba.

To, yanzu mu komo ga tambayarka. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwa, kamfani biyu ke yin waɗanda za ku samu a kasuwa, Intel da AMD. Tun da ba za ku sayi katin hoto ba, tilas ku sayi furosesar da ke da nata mai fid da hoto a ciki. A nan haruffa suna da magana. Ta Intel in lambarta ta ƙare da F, ba ta da shi, kun haɗa kome kun kunna, monita baƙi ƙirin. Ta AMD kuwa, irin Ryzen da ke zama a mazaunin AM4, sai wadda ta ƙare da G ce ke da shi, kamar 3200G ta 2019 ko 5600G ta 2021. Harafi ɗaya ne, amma ya isa ya sa mutum ya koma Sakkwato sau biyu.

Sa'an nan shekaru. Dillali zai nuna muku tambarin Core i7 ya ce ba ta da na biyu. Ku tambaye shi ta wane ƙarni ce, gama i7 ta shekara goma sha biyu da suka wuce tsohuwa ce ko da rawaninta babba ne. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 irin kulawar da ya saba ran 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa, bisa ga ƙa'idarsu, ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza ƙarni na takwas, wanda ya fito a 2017, ko Ryzen da ta gaza jerin 2000. Ni a ganina Core i3-8100 ta hannu ta ishe ku, tana da cibiya huɗu, ba a kuwa yi ta don ta wuce wat 65 ba. In kuɗi sun yi saura, i5-8400 mai cibiya shida. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kada ya jefar, akwai Linux Mint da a ke samu kyauta, tana tafiya lafiya a kan tsofaffin injuna, ga LibreOffice a cikinta don rubutu da lissafi.

Sai babban allo, wanda masu gyara ke ce wa madabod, shi ne gidan da kowane abu ke zama a kai. Nan akwai wani rami da ya cinye wani abokin aikina. Furosesar Intel ta ƙarni na shida da na bakwai da na takwas da na tara duk mazauninsu suna ɗaya ne, LGA 1151. Ya sayi i3-8100 wurin wani, ya sayi allo mai lamba H110 wurin wani dabam, ya zo gida ya aza, ta zauna daram kamar don ita aka yi. Ya kunna, shiru. Ashe H110 na ƙarni na shida da na bakwai ne, na takwas kuwa sai allon da lambarsa ta fara da uku, kamar H310 ko B360 ko B365. Ya koma, kowane ɗaya daga cikin 'yan kasuwan nan biyu ya rantse nasa lafiya lau ya ke, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Shawarata ita ce furosesa da allo da RAM ku saye su wurin mutum ɗaya, rana ɗaya, ya haɗa su a gabanku ya kunna ku ga rubutu a monita, sa'an nan ku ƙirga kuɗi. Ba a cinikin biri a sama. Ku karɓi rasit mai lambobin kayan, da yawan kwanakin da ya yarda a mayar masa.

RAM kamar faɗin tebur ne, inda a ke baza takardun da a ke aiki da su yanzu. Giga 8 ya isa, guda biyu masu giga 4 kuwa sun fi guda ɗaya mai 8 sauri, musamman ga furosesar da ke fid da hoto da kanta. Allunan da na ambata galibinsu DDR4 su ke ɗauka, tsagar ƙafarsa dabam ce da ta DDR3 da DDR5, in bai shiga ba kada a danna da ƙarfi. Tun ƙarshen 2025 kuɗin RAM ya hau a duniya duka, saboda manyan kamfanoni masu gina rumbunan kwamfuta sun yi ta kwashewa, don haka kada ku yi kwaɗayin 16, ku nemi allo mai gurbin ƙari a bar wa gaba.

Abu ɗaya ne na ke so ku saya sabo fil ko da sauran duka na hannu ne, shi ne faifan ajiya, kuma ya zama SSD. Tsohon iri, HDD, faranti ne a ciki yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da allura tana shawagi a kansa. In wuta ta ɗauke yana cikin rubutu, ko yaro ya yi tuntuɓe da tebur, sai ka ji yana ƙas-ƙas, aikin shekara ya tafi. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, ya ninka wancan sauri, wutar da ya ke sha kuma kaɗan ce. Mai giga 256 ya ɗauki Windows da tambayoyin gwaji da littattafai, har da wuri saura.

Akwatin waje kuwa, kowane tsoho ya yi, muddin yana da wurin fanka gaba da baya. Masu gilashi da fitilu ja da kore kyan ɗan maciji ne. Monita da kibod da linzami na gwanjo ba laifi, sai dai a duba bakin wayar monita ya dace da na allo, VGA ne ko HDMI. Ku sayi kibod biyu, hannun yara ba ya tausayi.

Kada mu manta da ƙasarmu. A watan Afrilu zafi ya kan wuce digiri 40 a inuwa, furosesa kuwa in ta kusa 95 ko 100 sai ta rage gudu da kanta, ko ta kashe kanta. Da hunturu kuma ƙura ta kan toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya ta, har ya zama kamar an shimfiɗa bargo. Kada a ajiye ta a ƙasa, a aza ta kan tebur nesa da taga, a rufe da zane in an kashe, a buɗe in za a kunna. Bayan kowane hunturu a cire murfi a hure ta. Ku roƙi mai sayarwa ya goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da fankarta ya shafa sabo, ya kuma sake ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata.

Gaskiya ɗaya ta rage da ba zan ɓoye muku ba. Kafin ku sayi ko ƙusa, ku tambayi kuɗin cikakkiyar kwamfutar ofis ta hannu, irin Dell OptiPlex 3060, wadda ita ma ta ƙarni na takwas ce. Ofisoshin Turai da Amurka su kan sallame su da yawa, su biyo ta Computer Village ta Ikeja, su iso titin Beirut a Kano, har Sakkwato. Sau da yawa ta kan fi haɗin ɗai-ɗai araha, sai a ƙara mata SSD da RAM kawai. Aibinta shi ne fawa-fak ɗinta da bakin wayoyinsa na gidansu ne, in ya ƙone ba kowane ne zai shiga gurbinsa ba, sai an aika nema. Wadda kuka haɗa da kanku kuwa, kowane yanki nata yana da magaji a kasuwa. In bambancin kuɗin kaɗan ne, ni haɗin gida zan zaɓa saboda nisanmu da masu gyara. In da yawa ne, ku ɗauki ta ofis, ku sa rarar a UPS.

Game da rabon kuɗi, in abin da kuka tara kashi goma ne, ga yadda zan yi da nawa ne: huɗu ga furosesa da allo da RAM, biyu da rabi ga fawa-fak da UPS, ɗaya ga SSD, ɗaya da rabi ga monita da kibod da linzami da akwati. Kashi ɗayan da ya rage kada a taɓa shi, a ba wanda ya fi ku riƙon amana ya ajiye, na mota ne ranar da za a mayar da wani abu.

Malam, in kun sayo, ka aiko mini da lambobin da ke kan rasit kafin ku jona wuta, in duba. Mako mai zuwa, in Edita ya yarda, zan yi bayanin yadda a ke sa kibod ya fid da ɓ da ɗ da ƙ, gama takardu uku sun zo mini a kan wannan.

Naku,
Akawu, Maikujera, ƙasar Rabah.