Tukunyar kashe gobarar da ke yawo a motarka, makami ce

1/
'Yan wasan mota na Katsina, ku matso. Ana kashe kuɗi a kan taya, rim da salansa mai ƙara, amma tukunyar kashe gobara tana but tana gangare tare da jak, ko an cusa ta ƙarƙashin kujera. Ra'ayina: wadda ba a ɗaure da ƙarfe ba, haɗarinta ya fi amfaninta.

2/
Mu faɗi gaskiya, yawancinmu don 'yan Road Safety muka saye ta. A tare ka, ka buɗe but, ka nuna, ka wuce. To wuta ba ta duba takarda fa. Mai juya mota har taya ta yi hayaƙi, inji na kuka, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ya fi kowa kusa da gobara.

3/
Ga lissafi. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ce dole mariƙin tukunyar ya iya jure ninkin nauyinta sau 25 idan an yi karo. Mai garin kilo 2, haɗe da ƙarfenta, ta kai wajen kilo 3. Sau 25, kilo 75 kenan. Buhun siminti ɗaya da rabi yana tashi a cikin mota, kai kuma kana zaune.

4/
A tseren Formula 1 na Afirka ta Kudu a 1977, wani matashin ma'aikaci ya tsallaka hanya riƙe da tukunya mai kilo 18 zai kashe wutar wata mota. Motar Tom Pryce ta buge shi, tukunyar ta daki Pryce a kai. Duka biyun suka rasu. Ba a cikin mota take ba, amma darasin ɗaya ne: ƙarfe da gudu ba sa wasa.

5/
Ko ba a yi karo ba, ka taka birki da ƙarfi, ta gangaro daga ƙarƙashin kujerar direba ta shige bayan birki ko kuloci. Shi kenan, kana takawa ba ya sauka.

6/
To ina za a sa ta? A ƙasa, gaban kujerar mai zaman banza. A kwance, a gicciye, kai na kallon ƙofa, don kada ta sulluɓe gaba kamar harsashi. Gwajin mai sauƙi ne: zauna, ɗaura bel, miƙa hannu. In ba ka kai ba, wurin bai yi ba.

7/
Da me za a ɗaure? Mariƙin roba da ke zuwa a kwalinta na bangon kicin ne. Igiyar roba da tayar babur da aka yanka ma a manta da su. Ƙa'idar FIA: maɗauran ƙarfe aƙalla biyu masu saurin buɗewa, da ɗan ƙarfe a kowane gefe da zai tare ta. Mai walda na unguwarku zai iya haɗa shi in ka zana masa.

8/
Ka kai wa bakanike ya kama mariƙin da notikan gaban kujera, ko ya huda ƙasan motar ya sa noti da babban wosha ta ƙasa. Ƙananan sukurori da ake murɗawa cikin kwano ficewa suke yi. Kafin a huda, a leƙa ƙasa: bututun mai da na birki ta nan suke bi.

9/
Kada ta zauna inda rana ke dukanta kai tsaye. Duk wata ka duba allurar tana kan kore, fin ɗin yana nan. Ka juya ta ka girgiza, don jijjigar hanya tana dunƙule garin. Wadda aka taɓa fesawa ko sau ɗaya, a sake cika ta.

10/
In wuta ta tashi: kashe mota, kowa ya fita, sannan tukunya. Kada ka wangale bonet, iska za ka ba wutar. Ɗan ɗaga shi kaɗan, ka fesa gindin wutar ta kafar. Abin da ke ciki bai wuce na kamar daƙiƙa 10 ba. Ruwa a kan fetur yaɗa shi yake yi. In ta fi ƙarfinka, ja da baya, a kira 'yan kwana-kwana.

11/
Wani zai ce ai in ajali ya zo ya zo. Haka ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. A Bahrain a 2020, Romain Grosjean ya fito daga wuta bayan kusan daƙiƙa 28, da ƙuna a hannaye. Allah ne ya kuɓutar da shi, ta hanyar kayan kariya da mutanen da suka iso da tukwane a hannu.

12/
Wani kuma zai ce ina zuga yara. A'a. Wasan mota a IBB Way ko Ƙofar Ƙaura, cikin masu Keke Napep da 'yan makaranta, ko a ayarin biki, ganganci ne, tukunya goma ba za su halatta shi ba. Abin da ya kamata mu nema shi ne fili killatacce, da izini, 'yan kallo daga nesa.

13/
Kuma duk inda aka taru, ku sa doka a tsakaninku: motar da tukunyarta ba ta ɗaure, ba ta shiga fili, ko ta ɗan waye. Kuɗin aikin bai kai na taya ɗaya da ake ƙonawa a yamma guda ba. Ku tura wa wancan abokin naku da tasa ke but har yanzu. Allah ya tsare mu.