Farantin Sola Ba Tabarma Ba Ne, A Yi Masa Gado

Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, masu noman rani da yawa suka jingine injin fetur suka koma ga farantin sola, watau allon nan mai mai da hasken rana wutar lantarki. A gida ma ana kafa shi don fitila da cajin waya. Wannan ci gaba ne. Amma akwai wani sakaci da nake gani, shi ne maganarmu ta wannan mako.

Mutum ya sayar da hatsinsa da awakinsa ya sayi faranti, sa'an nan ya shimfiɗa shi bisa kwanon rufi kamar tabarma, ya danne da duwatsu da tsohuwar taya. Haka wani maƙwabcina ya yi. Hadarin farko na damina da ya taso daga gabas, sai iska ta ɗauke farantin ta maka shi a garka. Gilashi ya ragargaje, kuɗin shekara guda ya tafi a dare ɗaya. Wanda ya sayi doki ai ba ya rowar turke.

Ni a ganina, a yi wa faranti gado a ƙasa ya fi a ɗora shi bisa rufi. Na farko, kwano yakan yi zafi da rana, faranti kuwa ba ya son zafi. Haske yake ci, in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. Na biyu, ƙurar hunturu tana rufe gilashin, wanda kuwa ke can bisa rufi ba a cika hawa a share shi ba. Na uku, ƙusar da aka huda kwano da ita, ita ce yoyon damina.

Yin gadon ba wuya, kai da mai walda na garinku kun isa. A sami ƙarfe mai kusurwa, a haƙa rami huɗu zurfin ƙafa 2, a kafa ƙafafun da siminti. In ba halin ƙarfe, a nemi kirya ko azarar giginya, gama su gara ba ta cin su da sauri. Kada a yi da katakon banza, kafin shekara ta kewayo gara ta gama da shi. Tsayinsa ya kai kamar ƙafa 5, yadda akuya ba za ta hau ba, hannu kuwa zai kai wajen shara.

Sai maganar fuska. A ƙasarmu faranti kudu yake duba. In kana so ka san kudu sosai, kafa sanda a fili cikin watan Disamba ko Janairu, ka duba inuwarta da rana tsaka, lokacin da ta fi gajarta. Inda ta nuna nan ne arewa. Gefen arewa shi za a ɗaga: in tsawon faranti ƙafa 5 ne, a ɗaga ƙafa 1. Wannan ya yi daidai da digiri 12, watau gwargwadon nisan Kano daga layin tsakiyar duniya, kuma zai yi wa mutanen Zariya da Katsina da Sakkwato. Kada a tsai da shi da yawa, gama da damina rana takan bi ta arewa da mu. Kada kuma a kwantar da shi sarai, sai ruwa da laka su zauna a kansa.

Ga abu uku da za a kiyaye. Kada mai walda ya kai wuta jikin farantin, a ɗaure shi da noti ta ramukan da ke jikinsa. Kada a kafa inda inuwar bishiya ko katanga za ta taɓa shi, gama inuwa ko ta kusurwa ɗaya ce tana kashe masa ƙarfi ƙwarai. Kuma a haɗa gadon da waya zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa, saboda tsawa.

Wani zai ce, "Malam, na ƙasa ai ɓarawo aka yi wa." Gaskiya ne, amma ɓarawo yana da tsani. A kafa cikin gida ko kusa da bukkar mai gadi, a sa mai walda ya ɗiga wa kan notin walda yadda ba zai kwantu ba. Wani kuma zai ce kuɗin ya yi yawa. To, ya ƙidaya kuɗin ƙarfe da siminti, ya ƙidaya na sabon faranti, ya gani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A gyara tun da rani, kafin hadari ya haɗo. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.