Rufin Soro a Ƙasar Adar: Fa'idodi da Illoli

A Tabotaki da sauran garuruwan Buza, Keita da Madawa, a jihar Tawa, yawancin ɗakunan kwana har yau shigifa ce: bangon ƙasa, a gitta azara ko itace, a shimfiɗa zana ko kara, a ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa a daɓe, a fitar da indararo. Sai dai rufin kwano, wanda a Nijar aka fi kira tol, yana ƙara yawa, musamman a gidajen da ke da ɗa a Abijan, Legas ko Libiya. Duk magidancin da zai gina sabon ɗaki sai ya tsaya ya auna, kuma lokacin aunawar shi ne hunturu, bayan an kai amfanin gona gida, sama ta bushe.

Turawan Ingila ma suna da shimfiɗaɗɗen rufi, wanda sukan lulluɓe da zaren gilashi da wani ƙaro mai daskarewa. A wurinsu lokacin sanyi shi ne mafi munin lokacin gyara, domin ƙaron ba ya kamawa yadda ya kamata a kan jiƙaƙƙen katako, ko idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. A Adar akasin haka ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu ruwan sama, rana ba ta kai zafin bazara ba, aikin gona ya ƙare. Abin da ke biye lissafi ne na abin da soro ke bayarwa da abin da yake karɓa.

Fa'idodi

Ta farko, wadda ko masu kushe soro ba sa musunta, ita ce daidaita zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Tawa yakan haura digiri 40. Kwano yana ɗaukar wannan zafi ya zubo shi cikin ɗaki nan take, ita kuwa ƙasa mai kauri sai ta sha zafin a hankali, ba ya isa ciki sai rana ta yi sanyi. Da ɗari kuma, lokacin da dare kan sauko wajen digiri 15 ga iska mai ƙura, ɗumin da rufin ya tara da rana shi ke riƙe ɗakin har asuba. Adalci dai shi ne a ƙara da cewa a daren bazara wannan ɗumi yakan zama damuwa, shi ya sa mutane ke fitar da tabarma tsakar gida.

Ta biyu, kayan aikin yawancinsu na gida ne. Ƙasa tana bakin gari, kara yana gona, kashin dabbobi da ramno da ake kwaɓawa da su suna turke. Kwano da ƙusa da katako kuwa sai an sayo daga Tawa, Madawa ko Ƙonni, da kuɗi a hannu, a biya mota. Siminti ma, ko da yake a Malbaza ake yin sa cikin jihar, ba kyauta ake ba da shi ba. Ga manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, rufin da ake biya da ƙarfin jiki ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ta uku, gyaransa ba ya gagarar mai gida. Wanda ya hau soro da safiyar hunturu zai ga aikin da ke gabansa a fili: tsagar da ta bi gindin rawani, kwarin da ruwa ya kwanta a ciki ya bar farin zobe, ciyawar da ta tsiro ta bushe, bakin indararo da guga ta cinye har ana hango kara. Sai a tuge ciyawar da saiwarta, a buɗe tsagar da bakin fartanya, a yayyafa ruwa, a cusa ƙasar da aka kwaɓa ta kwana biyu ko uku tana ruɓa, a bubbuga, a gyara gangaren ya nufi indararo. Aiki ne na yini ɗaya ko biyu ga mutum da 'ya'yansa. Kwanon da tsatsa ta huda, ko iska ta naɗe, sai dai a nemo kafinta ko a sayi sabo.

Ta huɗu, iska da wuta. Guguwar da ke gabatar da ruwan farko takan yaye kwano, shi ya sa ake ganin duwatsu da tubala jere a kan rufin tol. Soro ba ya tashi. Ba ya kama wuta kamar ɗakin ciyawa, ba ya kuma ƙarar da ke hana jin magana idan ana ruwa.

Akwai kuma amfanin saman kansa, inda ake shanya kuɓewa, barkono ko wake nesa da awaki. Sannan akwai sana'ar da ke rayuwa da shi. Masallacin Juma'a na Yama, a wannan jiha, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962, da ƙasa da itace aka yi shi, ya kuma sami lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine a 1986. Masu irin wannan hannu ba sa wanzuwa idan babu mai kiran su aiki.

Illoli

Babbar illa ita ce soro ba ya yafe sakaci. Rufin da aka tsallake wa gyara shekara ɗaya zai iya kai labari, wanda aka tsallake wa biyu ko uku sai ya fara ɗiga. A nan ne yanayin Adar ya sa lissafin ya yi wuya, domin watannin da suka dace da gyara su ne watannin da majiya ƙarfi ke tafiya biɗa. Gida yakan rage daga tsofaffi sai mata da yara. Mai gida ya dawo gab da shuka, hankalinsa na kan iri da gona, sai a yi yaɓe cikin gaggawa a watan Mayu, zafin rana ya busar da shi da sauri ya tsattsage, ko ruwan farko ya same shi bai gama bushewa ba. Kuɗin da aka aiko daga waje kan iya biyan magini, amma mai hawa ya duba ko an yi aikin da kyau ba kullum ake samun sa ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka koma kwano wannan ne dalilinsu, ba ƙyamar ƙasa ba.

Ta biyu, nauyi. Ɗaki mai mita 3 da mita 4, da ƙasa mai kaurin santimita 15 a kansa, yana ɗauke da abin da ya kai tan 3, tun kafin ya jiƙa. Idan kowace shekara ƙari ake yi ba a kankare tsohon yaɓe ba, nauyin hawa yake yi, azarar kuwa tsufa take yi. Ruwan milimita 50 a dare ɗaya zai zuba lita 600 a kan wannan rufi, wato duro uku, duk kuma ta indararo ɗaya ko biyu za su fita. Idan tsumma ko sheƙar tsuntsu ta toshe shi, ruwan ya kwanta. A daminar 2024 fiye da mutum 300 suka rasu a Nijar sanadin ruwa, da yawansu a ƙarƙashin ginin da ya rufta, tsohon masallacin Birnin Zinder ma ya faɗi a watan Satumba na shekarar. Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan rufi, domin sau da yawa ruwan da ya kwanta a gindin bango ne ke kayar da ɗaki, ko da kwano ne a kansa. Amma idan ɗaki ya tashi faɗuwa, bambancin tan 3 na ƙasa da 'yan fallayen kwano a kan masu barci a bayyane yake.

Ta uku, itace. Azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, daga kudu take zuwa, ta yi tsada, kuma ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce wajen mita 2 sai da dabara ko ginshiƙi. Sauran itatuwa gara da ruɓa suna gama su cikin 'yan shekaru, a sake saro wasu, a ƙasar da ta sha wahalar dawo da bishiyoyinta. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don kare iska, da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka soma a 1984 da taimakon Italiya, sun rage matsalar, ba su kawar da ita ba. Ginin da ba itace, na baka da tulluwa da tubali zalla, wanda aka fara gwadawa a Cikal ta ƙasar Filinge a 1980, ya kauce wa wannan illa, sai dai yana buƙatar maginin da aka horar, kuma shi ma yana son yaɓe.

Ta huɗu ƙarama ce amma ta kullum: ƙasa da ke zubowa daga tsakanin azara a kan gado da kwanon abinci, da kunama da ɓera da ke samun mafaka a cikin zana. Wasu sukan ɗaura yadi ko leda a ƙarƙashi su huta.

Ita ledar da ake shimfiɗawa a cikin rufin, tsakanin zana da ƙasa, ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana da ƙafa a kowane ɓangare na wannan lissafi. Ta rage yoyo ƙwarai, musamman da yake makuba, wadda maginan Kano da Zariya ke samu daga ɗorawa su yi yaɓe da ita don hana ruwa shiga, ba ta wadata a Adar. Amma leda tana ɓoye laifi. Idan tsinken kara ya huda ta, ko aka haɗa fallaye biyu ba a ɗora na sama a kan na gangare ba, ruwa yakan shiga ya bi ƙarƙashinta, ya ɗiga a wani wuri nesa da inda ya shigo, mai gyara ya yi ta toshe inda ba nan ba ne. Danshin da ya shiga kuma ba ya samun hanyar fita da wuri, sai kan azara ya ruɓe a cikin bango, inda ido ba ya kai. Inda gefenta ya leƙo waje rana takan gasa shi ya kakkarye cikin ɗan lokaci. Gidan da ya sa leda yana buƙatar wani duba na daban da hunturu: a shiga ɗaki da tocila, a bi azara ɗaya bayan ɗaya, a soka tsinin wuƙa a daidai inda kowace ta shige bango. Wadda wuƙa ta nutse a cikinta, canji take jira kafin watan Yuni, ko da saman rufin sumul yake.