Aron Kalma Ba Cin Amanar Hausa Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu kishin harshe: wai duk kalmar Ingilishi da ta shigo Hausa gurɓata ce, tilas a ƙirƙiro mata kishiya. Kada a ce kwamfuta, a ce na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kishin abin yabo ne, amma hujjar ba ta da ƙafa.

Mai wannan ra'ayi ya bi hanyar Basawa a Zariya da kunne a buɗe. A bakin bariki zai ji soja, kofur, samanja, kyaftin. A garejin Sabon Gari zai ji birki, sitiyari, fulogi, batir. Tun da layin dogon da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911 aka samu tasha da tikiti. Wa zai tsaya ya fassara wa makanike birki? Bahaushe ya riga ya lanƙwasa kalmar, ya ba ta jinsi da jam'i: mota, motoci, tasha, tashoshi. Ta zama 'yar gida, kamar yadda littafi da alƙalami suka zo daga Larabci, ashana daga Yarbanci.

Mutanen Sifaniya sun riga mu gwada wannan takara. Suna da hukumar kula da harshe tun 1713. Da wasan ƙwallon ƙafa ya zo musu daga Ingila, marubutansu suka ƙirƙiro balompié, jama'a suka riƙe fútbol. Yau ƙirƙirarriyar ta fi fitowa a sunan kulob irin su Real Betis Balompié, kuma Sifaniyanci bai mutu ba.

Ba cewa nake a daina fassara ba. A Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma su Abubakar Imam sun san inda ake fassara da inda ake aro. Jirgin sama ya zauna. Takin zamani, da malaman gona na Samaru ke koya wa manoma, ya zauna. Sun zauna ne don gajeru ne, sun dace da baki, ba don wani kwamiti ya sa hannu ba.

Ɓarnar tana wani wuri dabam: a bakin ɗan boko da ke cewa "zan yi kolin ɗinka" alhali "zan kira ka" na nan, da mai labarai da ke ɗauko jimlar Turanci ya sa mata rigar Hausa. Wannan ingausa ce, ita ke karya ƙashin bayan harshe.

Malaman Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello, da masu fassara a gidajen rediyo, ku ƙyale kwamfuta ta sha iska. Ku tsare mana ginin jimla, ku rubuta ƙamus daga abin da jama'a ke faɗa.